Babi na Shida: Daga Rumbun Watari Zuwa Shara Mansur

Ƙasar da kogin Watari ya ratsa a arewa maso yammacin Kano, wato Bagwai da maƙwabtanta irin su Bichi da Shanono da Tofa da Dawakin Tofa, tana cikin yankin nan da ya kewaye birni inda gona ke manne da gona, ƙauye kuma ke hangen ƙauye, har ba a iya barin fili ya huta ko da na shekara guda, sai dai a riƙa ciyar da shi da takin gida ana shuka gero da dawa da wake da gyaɗa a ƙarƙashin ɗorawa da gawo da tsamiya. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya shafe shekaru yana nazarin yadda jama'a masu yawa haka ke rayuwa a kan ƙasa kaɗan, kuma ɗaya daga cikin dabarun da suka riƙe su ita ce cirani, wato fitar da magidanta da samari ke yi bayan girbi domin su nemo abin da gona ba ta bayar ba, su kuma rage wa rumbu baki. Yawancin 'yan cirani sukan dawo kafin ruwan shuka, amma a kowane zamani akwai waɗanda ƙafa ta yi musu nisa, suka ƙetare Bahar Maliya da niyyar sauke farali, suka zauna shekaru a Makka ko Jidda ko Madina suna dako da ɗinki da wanki da ƙaramin kasuwanci, sannan suka komo gida da kansu ko aka komo da su, suka bar abokai a can. Irin wannan mutum idan furfura ta cika masa kai yakan ji yana son ya sake ganin waɗanda suka kwana ɗaki ɗaya suka ci a kwano ɗaya, kuma muryar da waya ke kawowa ba ta kashe masa wannan ƙishirwa, domin a wajen Bahaushe zumunci a ƙafa yake.

Mutanen da ake zuwa gani suna da dogon tarihi a can. Kafin zuwan jirgin sama, alhazan ƙasar Hausa sun bi hanyar gabas ta Barno su shiga Wadai, su ratsa Darfur da Kurdufan har bakin Nilu, daga nan su nufi Sawakin su hau jirgin ruwa zuwa Jidda, tafiyar da kan ci shekaru saboda ana yada zango a yi noma ko ƙwadago a tara guzurin gaba. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci ɗimbin mabiya zuwa Sudan suka kafa garin da har yau ake kira da sunansa kusa da Sinnar, kuma da aka buɗe babban aikin noman auduga na Jazira a 1925, Hausawa na cikin waɗanda suka fi yi masa aiki. Larabawa suna kiran mutanen Afirka ta Yamma da suka zauna a wajensu Takarir, daga sunan tsohuwar daular Takrur ta bakin kogin Senegal, kuma daga nan ne aka sami kalmar Takari da ake jin ta a bakin mutanen Kano. Wasu zuriyar waɗannan matafiya sun zama cikakkun 'yan ƙasar Saudiyya masu laƙabin Hausawi, har uku daga cikinsu suna cikin tawagar ƙwallon ƙafar ƙasar a gasar cin kofin duniya ta 2018, wasu kuwa an haife su a Makka sun tsufa a cikinta ba tare da wata tabbatacciyar takarda ba. Tun ƙarshen shekarun 1940 da Alhaji Mahmud Ɗantata da abokansa suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai da aka sani da Wapa, hanya ta fara gajarta, kuma sunan ƙungiyar ne ya manne wa kasuwar canjin kuɗi ta Fagge, inda manomin Watari zai je ya mai da nairarsa riyal. Tafiyar da kakanni suka yi a shekara bakwai yanzu ta 'yan awanni ce daga filin jirgin Malam Aminu Kano.

Ƙofar da talaka ke bi ya kai wannan ziyara ita ce bizar umara, wato izinin shiga ƙasar domin ƙaramin aikin ibada da ake iya yi a kusan kowane lokaci na shekara, wadda tun 2022 aka tsawaita wa'adinta daga kwana talatin zuwa casa'in, aka kuma yarda mai ita ya zaga sauran garuruwan ƙasar. Wannan sauƙi ne ya mai da doguwar ziyara abin da za a iya yi bisa ƙa'ida, amma yana da iyaka, domin ana rufe ƙofar umara makonni kafin aikin hajji, kuma wanda ya zarce wa'adinsa yana iya fuskantar tara mai kaiwa riyal 50,000 da ɗaurin wata shida da kora. Saboda haka tambayar farko ga mai niyya ita ce yaushe zai tafi, kuma amsarta tana hannun kalanda biyu da ba sa tafiya tare, ta noma mai bin rana da ta Musulunci mai bin wata, wadda ke matsowa baya da kimanin kwana goma sha ɗaya kowace shekara.

Ga manomin tudu, wato mai dogaro da ruwan sama kaɗai, lissafin ba shi da wuya. Daga sharar gona da kai taki a bazara, zuwa shuka da saukar ruwa a Yuni, zuwa firi da maimai, waɗanda su ne noman farko da na biyu da ake yi don kashe ciyawa, har zuwa girbin gero a ƙarshen damina da roron wake da yankan dawa a Nuwamba, babu makon da magidanci zai ɗaga ƙafa ba tare da gona ta nuna ba. Idan an ɗaure dami an cika rumbu, daga nan har zuwa Afrilu hannu a sake yake, kuma a shekarun nan wannan tazara ta dace da lokacin sanyi a Hijaz, wato yankin Makka da Madina, da kuma watannin da suka gabaci azumi, kafin kuɗin jirgi da na masauki su yi tashin da sukan yi a Ramadan, musamman goman ƙarshe. Sai dai madatsar ruwan Watari da aka kammala kusa da garin Bagwai wajajen 1980 ta sauya wannan tsari ga duk wanda ke da fili a ƙarƙashin magudananta, domin watannin da a da ake fita cirani su ne yanzu watannin tumatir da albasa da masara da alkama, amfanin da ke buƙatar ban ruwa a kan kari da feshi da tsaro, wanda kuma rashin kulawar mako ɗaya kan iya lalata shi. Mai noman rani da ke son tafiyar wata biyu ko uku dole ya zaɓi ɗaya daga cikin uku, ko ya ba da filin haya na kaka guda, ko ya danƙa shi ga ɗa ko ƙane da ya riga ya gwada, ko ya haƙura da noman wannan shekara ya lissafa abin da zai rasa a cikin kuɗin tafiya. Mutane da yawa ba sa yin wannan lissafi na uku, sai bayan sun dawo suke gane cewa tikitin jirgi shi ne mafi arha a cikin abin da suka kashe.

Da an tsai da lokaci, sai maganar gida, kuma a nan ne ake gane wanda ya shirya da wanda ɗoki kawai ke ja. A tsarin gandu, wato haɗakar uba da 'ya'yansa ko wa da ƙannensa suna noma gona ɗaya suna ci daga rumbu ɗaya, tafiyar mai gida ba ta girgiza komai, domin akwai wanda zai ɗauki mabuɗi ya riƙa fitar da awo kamar yadda aka saba. Gandu kuwa ya yi rauni a ƙasar Kano, gonaki sun rarrabu ta hanyar gado har sun zama ƙanana, kuma magidanci da yawa shi kaɗai ne a kan iyalinsa, don haka wajibi ne ya zauna ya auna damin da ke rumbu da yawan bakunan da ke gida, ya ƙara kwanakin da jinkiri ka iya jawowa, ya ware kuɗin cefane da na magani da na makaranta, ya kuma ambaci wakili a gaban shaidu domin kada matan gida su rasa wanda za su tunkara. Fiƙihun Malikiyya da ake bi a ƙasar nan bai ɗauki wannan da wasa ba, domin ciyarwa ba ta faɗuwa daga kan miji saboda ya yi tafiya, kuma matar da aka bari babu abinci tana da haƙƙin kai ƙara gaban alƙali. Tanadin da malamai suka yi wa matar wanda ya ɓace, cewa ta jira shekara huɗu bayan an yi cigiya, ya isa ya tuna wa mai karatu yawan mazan da hanyar gabas ta haɗiye a zamanin da, da yawan matan da suka tsufa suna sauraron sallamar da ba ta zo ba. Zakkar amfanin gona ma a lokacin girbi take wajaba, kashi ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar da rabin haka ga abin da aka shayar da wahala da inji, kuma bai dace mutum ya sayar da hatsin da haƙƙin miskinai ke ciki ya sayi tikiti da shi ba.

Bashi da wasiyya su ne abubuwan da aka fi jin nauyin ambata, su ne kuma suka fi haifar da rigima idan ta Allah ta kasance. Mai bin bashi yana da ikon hana wanda yake bi tafiya idan lokacin biya zai cika kafin ya dawo, sai in ya bar wanda zai biya a madadinsa, kuma a ƙauye bashi ba na kuɗi kaɗai ba ne, akwai buhun taki da aka karɓa kan alkawarin biya da hatsi, akwai tunkiyar da aka ba wata kiwo, akwai zubin adashe, akwai gonar da ke hannun wani a matsayin aro wadda babu takarda a kanta. Dattijon da ya haura sittin yana shirin kwana casa'in a wata ƙasa ya kamata ya sa a rubuta duk waɗannan, abin da yake bi da abin da ake binsa, a ajiye wajen liman ko mai unguwa, tare da wasiyyar da ba ta wuce sulusin dukiya ba idan yana da ita. Daga ina kuɗin tafiyar zai fito, wannan ma ma'auni ne. Wanda ya yi kiwon sa ko raguna domin wannan niyya, ko ya ajiye wake da gyaɗa har farashi ya tashi ya kai kasuwar Dawanau ko ta Badume, ya yi abin da ya dace, amma wanda ya ba da gonarsa jingina, wato ya karɓi kuɗi ya miƙa ta ga wani ya riƙa nomawa har ranar da zai fanshe ta, ya ci abincin 'ya'yansa ne don ya ga abokansa. A yankin da kowace taƙi ta ƙasa ke da mai ita, gonar da ta fita hannu da wuya take dawowa, kuma tun da aka saki farashin naira a Yunin 2023, alhali riyal na ɗaure da dala a kan 3.75 tun 1986, abin da ake buƙata ya ninka har ya kai girman da zai iya cinye gona sukutum. Ziyarar aboki abu ne mai lada, amma ba ta kai a sayar da gado saboda ita ba.

Maganar takardu ba ta da tsawo, sai dai tana da cin rai. Fasfo ba ya samuwa yanzu sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, kuma dattawan karkara da yawa sunan da ke katinsu da ranar haihuwar da aka ƙiyasta musu ba su dace da abin da ke tsohon fasfonsu ba, gyaran kuwa kan ɗauki makonni, shi ya sa ake fara shi tun ana damina. Dole fasfon ya kasance da sauran wata shida aƙalla, a kuma yi allurar shawara a karɓi katin nan mai ruwan ɗorawa, da allurar sanƙarau kwana goma kafin shiga, sharaɗin da mutanen Kano suka san dalilinsa, tun da annobar sanƙarau ta 1996 ce ta sa aka hana 'yan Najeriya aikin hajjin wannan shekara. Biza kan fito ta hannun kamfanonin jirgin yawo, wato masu jigilar hajji da umara masu zaman kansu, kuma abin da ya kamata a tambaya kafin a miƙa ko kwabo shi ne ko kamfanin na da lasisin Hukumar Alhazai ta Ƙasa, domin ejan da ke yawo ƙauye-ƙauye da jaka babu ofishi ya sha cinye kuɗin bayin Allah. Wanda a zamansa na farko aka taɓa kama shi aka kai shi Tarhil, wato sansanin da ake tsare waɗanda za a mayar ƙasashensu, aka ɗauki basma, wato hoton yatsunsa, lallai ya binciki matsayinsa tun daga gida, kada ya je a tare shi a filin jirgin Jidda.

Abin da mai ziyara ya fi kasa shirya wa zuciyarsa shi ne cewa garin da ya bari ba shi zai tarar ba. Daga ƙarshen 2021 hukumomi sun rushe unguwanni masu yawa a Jidda, har da Karantina da Gulail inda Hausawa da sauran baƙin Afirka suka daɗe da zama, a Makka kuma faɗaɗa Harami da yanka manyan tituna sun cinye tsofaffin lunguna da dama, saboda haka kwatancen da mutum ya riƙe a ka shekara talatin, cewa a bi ta titin Shara Mansur na Makka a hau dutse a tambayi gidan wane, yana iya kai shi fili fetal. Hikima ita ce a tabbatar da lambar waya mai aiki ta kowane aboki, da ta ɗansa ko jikansa, kafin a bar gida, a kuma tambayi waye ke raye, domin ya fi sauƙi mutum ya ji rasuwar amininsa yana zaune a zaurensa da ya ji ta a bakin ƙofar mamacin. Sannan akwai halin da abokan ke ciki. Mai igama, wato takardar izinin zama da ake sabuntawa ta hannun kafili, wanda shi ne ɗan ƙasar da ya tsaya masa, yana biyan kuɗaɗe masu nauyi a kan kansa da iyalinsa, marar igama kuwa, tun bayan samamen kama baƙi marasa takarda na 2013 da na 2017, yana rayuwa ne a ɗarare, ba ya iya zuwa tarye a filin jirgi, ba ya iya raka baƙo Madina saboda shingayen bincike. Mutanen gida sun saba ɗaukar duk wanda ke Makka a matsayin mai arziki, kuma kunya ba za ta bar tsohon aboki ya ce ba shi da wurin saukar baƙo ba, zai kwashe 'ya'yansa daga ɗaki ya ci bashi ya yi girki. Baƙon kirki shi ne wanda ya tanadi kuɗin masaukinsa da na abincinsa, ya je ya wuni ya kwana biyu ya koma, ya tuna cewa baƙo raɓa ne, bai kuma je da jerin buƙatun 'yan uwa na a samo wa wane aiki a aiko wa wance da kuɗin aure ba.

Tsaraba kuwa ba tsadarta ake dubawa ba. Wanda ya yi shekara arba'in rabonsa da ƙasar Kano abin da ke motsa masa rai shi ne daddawar ɗorawa da kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji da tsamiya, da hular da aka ɗinka a gida, da hotunan waɗanda ya bari suna yara yanzu sun yi jikoki, da labarin wace bishiya ce har yanzu ke tsaye a bakin kasuwa. Goro, wanda shi ne kan gaba a kowace gaisuwa ta Bahaushe, yana cikin abin da Hukumar Alhazai ke gargaɗin kada a shiga da shi Saudiyya, kuma duk wani gari ko ƙulli da ba a san kansa ba yana iya jawo tsarewa da bincike. Mafi haɗari shi ne saƙo. Da zarar an ji mutum zai tafi, gidansa kan cika da masu sautu, wato masu ba da kuɗi a sayo musu dabino ko darduma ko jallabiya, da masu kawo ƙunshi a kai wa ɗan uwa, kuma al'ada ta sa ƙin karɓa ya zama kamar yanke zumunci. Amma hukuncin safarar ƙwaya a Saudiyya kisa ne, kuma mutanen Kano ba su manta da ɗalibar nan da aka kama a Madina a Disambar 2018 saboda wata jaka mai ɗauke da taramol da aka maƙala wa sunanta ba, wadda ta shafe wata huɗu a tsare kafin bincike ya nuna cewa wasu ma'aikata a filin jirgin Kano ne suka yi aika-aikar, aka sake ta a ƙarshen Afrilun 2019. Duk ƙunshin da za a karɓa a kwance shi a gaban mai shi, na wanda ba a sani ba kuma a ba shi haƙuri, sannan matafiyi ya ƙirga jakunkunansa ya duba takardar awon kaya da idonsa, ko ya sa wanda ya iya karatu ya duba masa.

Idan kwanaki suka matso sai sallama, wadda a ƙauyukan Watari har yanzu ake yin ta gida-gida, a fara da iyaye in suna raye domin tafiyar da ba farilla ba tana buƙatar yardarsu, a bi surukai da maƙwabta da liman da dagaci, a nemi gafarar duk wanda aka taɓa saɓa wa, har da maƙwabcin gona da aka yi jayayya da shi a kan iyaka. Masu hali sukan ba da gudummawa, marasa hali su yi addu'a su roƙi a tuna da su a gaban Ka'aba, kuma a cikin wannan zagaye ne ya kamata matafiyi ya faɗi ranar dawowarsa a fili kowa ya ji, domin faɗin ta a gaban jama'a yana ɗaure shi a lokacin da abokai za su ce ya ƙara mako ɗaya, ko wani ya raɗa masa cewa ga ɗan aiki ya samu, wanda ta haka ne da yawa daga cikin waɗanda yake zuwa gani suka zama Takari. Wanda ya tashi a farkon Disamba bayan an shigar da dawa, kwana casa'in ɗinsa na cika ne a farkon Maris, ya dawo ke nan da sauran lokacin kai taki gona kafin ruwan farko ya sauka a ƙasar Bagwai.